Daga Turin Zuwa Napoli: Aure, Asali da Kuɗi a Fina-finan Italiya Marasa Sauti

Aikin da ya kai ni Italiya ya ƙare a Milan, kuma da yake akwai sauran lokaci a bizata, sai na yanke shawarar kashe shi a kan abin da ya daɗe a raina, wato fina-finan da ƙasar ta yi daga 1913 zuwa farkon shekarun 1920, tun kafin a iya haɗa hoto da murya. Masu tarihin sinima sun fi tunawa da Italiya ta wancan zamani saboda manyan fina-finan yaƙi da daulolin dā, irin su Cabiria na 1914, amma ni waɗanda suka kama ni su ne na cikin ɗaki, waɗanda mace ɗaya ke ɗauke da su daga farko har ƙarshe, ana son ta, tana so, sannan a wayi gari auren bai yiwu ba. Na riga na kalli da dama daga cikinsu a kwamfuta, kuma tambaya ɗaya ce ke dawo mini kullum: me ya sa da wuya a bar masoyan waɗannan labarai su yi aure su zauna lafiya? Na so in taka biranen da aka yi su, ko zan gane abin da masu kallon farko suka gane ba tare da an yi musu bayani ba.

Daga Milan zuwa Turin tafiyar kamar awa ɗaya ce a jirgin ƙasa mai sauri. Na sauka a tashar Porta Nuova ana yayyafi, amma ban jiƙe ba, domin manyan titunan tsakiyar birnin suna da rumfunan dutse masu ginshiƙai a gefensu, waɗanda tsawonsu gaba ɗaya ya kai kusan kilomita 18. Gidan sarautar Savoy ne ya tsara birnin haka, kuma nan ne babban birnin haɗaɗɗiyar Italiya na farko, daga 1861 zuwa 1865. Da aka ɗauke gwamnati zuwa Florence, sai Turin ta rungumi masana'antu. A 1899 aka kafa kamfanin motoci na Fiat, bayan 'yan shekaru kuma kamfanonin fim irin su Ambrosio da Itala suka gina ɗakunan ɗaukar hoto masu rufin gilashi, saboda da hasken rana suke aiki. Birnin da ya haifi waɗannan fina-finai ke nan: ga tsofaffin gidajen sarauta masu asali waɗanda dukiyarsu ke ja da baya, ga sababbin masu kuɗi da ke neman asali ido rufe, ga kuma dubban leburori da 'yan mata masu ɗinki waɗanda ba su da ko ɗaya daga cikin biyun, kuma da 'yan kwabbansu ake cika gidajen sinima.

Washegari gari ya waye tas, na nufi gidan tarihin sinima na ƙasa, wanda ke cikin ginin da ake kira Mole Antonelliana. A 1863 aka fara ginin domin ya zama wurin ibadar Yahudawan Turin, amma mai tsara shi, Alessandro Antonelli, ya yi ta ƙara masa tsawo har kuɗin masu shi ya gaza, hukumar birni ta karɓe shi, aka kammala a 1889 da tsawon mita 167 da rabi. Wata mai binciken tarihi, Maria Adriana Prolo, ita ce ta fara tattara tsofaffin kyamarori da majigi da fastoci tun 1941, lokacin da ba kowa ne ke ɗaukarsu a bakin komai ba, kuma a shekarar 2000 aka dawo da tarin nata cikin wannan gini. A babban zauren an jera jajayen kujerun kishingiɗa, mutum ya miƙe ƙafa yana kallon manyan alluna, ga kwaikwayon gunkin Moloch na fim ɗin Cabiria a gefe, ga wata hanya da ta naɗe bango tana hawa sama. Na shiga lif mai bangon gilashi da ke ratsa tsakiyar ginin, na hangi duwatsun Alps da kogin Po daga tsayin mita 85, amma ban daɗe a can ba, domin abin da na zo nema yana ƙasa, cikin hotunan matan da Italiyawa suka kira diva, wato manyan taurarin fim mata.

Ta farkonsu ita ce Lyda Borelli, wadda ta riga ta yi suna a dandalin wasan kwaikwayo kafin kamfanin Gloria na nan Turin ya saka ta a Ma l'amor mio non muore! a 1913. Labarin na Elsa ne, 'yar wani kanar a wata ƙaramar masarauta da aka ƙirƙira. Wani ɗan leƙen asiri ya shiga gidansu da sunan yana son ta, ya sace takardun sirrin soja, uban ya kashe kansa saboda abin kunyar, ita kuma aka kore ta daga ƙasar alhali ba ta aikata komai ba. Ta sauya suna, ta zama mawaƙiya, ta shahara. Sannan ta haɗu da wani saurayi, ashe yarima ne mai jiran gadon masarautar da ta kore ta. Da asiri ya tonu aka kira yarima gida, ita kuwa ta sha guba.

Ba mutuwar ce ta fi tsaya mini a rai ba. A lokacin da Elsa ta haɗu da yarima ba matalauciya ba ce. Tufafinta na alfarma ne, masu sha'awarta suna layi a ƙofar ɗakin da take shiri, kuma akwai wata doguwar fitowa da take gaban madubi mai fuska uku, mai kallo yana ganinta ta gaba da ta gefe a lokaci guda, yana kuma ganin duk namijin da ya shigo. Kuɗin nata shi ne ma ya zama laifinta, domin da guminta ta same shi, a gaban idon maza masu biyan kuɗin shiga. A wancan tsari, dukiyar da mace ta gada tana ɗaga darajarta wajen aure, wadda ta nema da kanta kuwa zubar mata da daraja take yi, kuma babu yawan tafi ko yawan furanni da zai mayar da 'yar kanar da ta hau dandali ta zama matar sarki.

Wanda bai san dokar Italiya ta lokacin ba zai ɗauka marubutan ne kawai ke jin daɗin sa mutane kuka. Kundin dokokin zamantakewa na 1865 ya tanadi cewa matar aure ba ta da ikon sayar da gidanta ko gonarta, ko ta jinginar da su, ko ta ci bashi, sai da izinin mijinta, kuma ba a soke wannan sharaɗi ba sai a 1919. Saki kuwa babu shi sam, sai a Disambar 1970 doka ta halatta shi. Sannan akwai dukiyar aure, wadda a can iyayen amarya ne ke bayarwa, ta shiga hannun miji ya riƙa juya ta. Kada mai karatu ya haɗa ta da sadaki, wanda daga ango yake fitowa kuma haƙƙin mace ne. Ta fi kusa da gara da kayan ɗaki, sai dai masu hali a can rubuta ta suke yi a takardar yarjejeniya kafin ɗaurin aure, gona kaza, kuɗi kaza, kuma yarinyar da ubanta ba shi da abin rubutawa tana iya tsufa a gida ko ta ƙare a aikatau. Doka ba ta kawar da wannan al'ada ba sai a 1975. Idan aka haɗa abubuwan nan uku, aure ya zama ciniki ɗaya tak da za a yi a kan mace a duk rayuwarta, wanda ba a warware shi, kuma sau da yawa ba da ita ake zaman cinikin ba. 'Yan matan da suka zubar wa Elsa hawaye a 1913 sun san wannan sarai, domin a ƙarƙashin dokar suke kwana suke tashi.

Da yamma na tafi Cinema Massimo, gidan sinimar da gidan tarihin ke gudanarwa, taku kaɗan daga Mole, inda na dace da nuna Il fuoco, wato "Wuta", wanda Giovanni Pastrone, mai Cabiria, ya yi a 1915. Wani dattijo ya zauna a gaban fiyano ƙarƙashin allon, babu takardar kiɗa a gabansa, idonsa a sama yana bin hoton. Haka ake kallon waɗannan fina-finai tun asali, da kiɗa a raye, kuma hotunan ba baƙi da fari ba ne kamar yadda ake zato, domin rina fim ɗin ake yi, shuɗi don dare, ruwan ɗorawa don hasken fitila, ja don wuta. Maganar 'yan wasa takan fito ne a rubuce jefi-jefi, saura duk ido ne da hannu da yadda aka juya wuya.

An raba labarin kashi uku: tartsatsi, harshen wuta, toka. Wani matashi mai zane, talaka, yana aikinsa a bakin ruwa, sai ga wata mata mai rubuta waƙa, sanye da hula mai siffar kan mujiya. Pina Menichelli ce, kuma ban taɓa ganin wanda ya yi wasa da haƙora da idanu kamar yadda ta yi ba. Ta bi shi har ɗakinsa, ta fasa fitilarsa domin ta nuna masa bambancin wutar da ke ci a hankali da wadda ke tashi gaba ɗaya ta cinye kanta, ya zaɓi ta biyun, ta tafi da shi fadarta. A can ya zana hotonta, hoton ya yi suna. Sai ga saƙo cewa mijinta, wani babban basarake, yana kan hanyar dawowa. Ta zuba wa saurayin maganin barci, ta tafi, ta bar masa kuɗin hoton.

A daidai wannan wuri dattijon ya ɗauke hannunsa daga fiyano, zauren ya yi tsit, muna kallon saurayin yana farkawa, yana dube-dube, har idonsa ya faɗa kan abin da aka bar masa. Matar da ke kusa da ni ta ja dogon numfashi. Bai yi kuka ba tukuna, yana dai juya abin a hannunsa, yana gane cewa duk abin da ya ɗauka soyayya ce an yi masa farashi, an biya, an rufe lissafi. Daga baya ya gamu da ita tare da mijinta ta ce ba ta san shi ba, ya ƙare a gidan masu taɓin hankali yana yanka takarda da siffar mujiya. A nan namiji ne talakan, mace ce mai dukiyar, amma ƙa'idar ba ta sauya ba, kuma Bahaushe ya riga ya faɗe ta: ƙwarya ta bi ƙwarya, in ta bi akushi ta fashe. Mai asali ya koma cikin aurensa ko ƙwarzane babu, wanda ya hau inda ba nasa ba shi ne ya biya da hankalinsa.

Duk da haka na fito da wani ƙorafi a kan fina-finan Turin. Talaucin da ke cikinsu mai tsabta ne, ba a ganin kowa yana ƙirga kuɗin cefane ko yana jayayya da mai gidan haya, kuma fadoji da rigunan sun yi kyau ƙwarai har mai kallo yana iya fita yana sha'awar tsarin da ya kashe jarumar maimakon ya tsane shi. Wannan ne ya sa na ɗauki hanyar kudu.

Jirgin Napoli yana bi ta Milan da Bologna da Florence da Rum, tafiyar wajen awa shida. Yawancin fina-finan wancan zamani sun salwanta, saboda an yi su ne a kan sinadarin naitiret mai saurin kamawa da wuta da ruɓewa, kuma a Bologna ne akwai ɗaya daga cikin manyan wuraren da ake gyara waɗanda suka tsira. Bayan mun wuce birnin na buɗe kwamfutata na sake kallon Assunta Spina na 1915, wanda aka ɗauko daga wasan kwaikwayon Salvatore Di Giacomo, Francesca Bertini kuma ta fito a jarumarsa.

Assunta mai wanki da guga ce, saurayinta Michele mahauci ne mai zafin kishi. A wani biki a Posillipo, bakin teku, ta yi rawa da wani domin ta huce haushinsa, ya bi ta ya tsaga mata fuska da wuƙa. A kotu ta yi ƙoƙarin kare shi, amma aka yanke masa shekara biyu, kuma za a kai shi kurkukun Avellino, can cikin duwatsu, inda mai guga ba za ta iya rufe shago ta riƙa zuwa ba. A nan wani akawun kotu mai suna Federigo ya matso, ya ce yana da hanyar da za a bar Michele a Napoli. Ita ba ta da abin ba da toshiya, shi ma ba kuɗi yake so ba, ta zama farkarsa. Daren jajiberin Kirsimeti ta shirya tebur tana jiran akawun, wanda ya riga ya fara gajiya da ita, sai ga Michele an sake shi kafin lokaci. Ya zauna yana ci yana murna, ita ta kasa haɗiyar komai, har ta buɗe baki ta faɗa masa gaskiya. Ya ɗauki wuƙa daga kan teburin ya fita. Da 'yan sanda suka zo suka tarar da gawar Federigo, Assunta ta ce ita ce ta kashe shi.

Babu fada a wannan fim, babu yarima, kuma tazarar da ke tsakanin Assunta da Federigo ba ta wuce ta mai shago da ƙaramin ma'aikacin gwamnati mai kwat da alƙalami ba, amma ta isa ta sa ɗaya ya sayi ɗaya. Bertini ta yafa mayafin matan unguwa, ta bi titunan Napoli na gaske inda masu wucewa ke leƙen kyamara. A ganina wannan fim ya fi na Turin gaskiya nesa ba kusa ba, domin ya nuna cewa mace marar gado tana da kadara ɗaya ce kawai da masu iko ke karɓa, kuma da ita ta biya wa mutumin da ya ɓata mata fuska, sannan ta ƙara da 'yancinta.

A dandalin Garibaldi da ke gaban tashar Napoli na ji Hausa a bayana. Wani matashi ne mutumin Maraɗi, yana sayar da rigunan waya a kan ɗan tebur. Muka gaisa, ya tambayi mutanen gida, na tambaye shi hanyar tsohuwar kotu, na kuma gaya masa abin da ya kawo ni. Ya saurari labarin Assunta har ƙarshe, sannan ya ce, "Malam, ai mu ma abin da ya fito da mu ke nan. Kuɗin aure nake tarawa, kullum in na kusa sai a ce kaya sun tashi, ita kuma yarinyar iyayenta ba za su yi ta jirana ba." Na yi masa addu'a Allah ya cika masa burinsa, ya ce amin, ya nuna mini hanya. A 1913, shekarar da Borelli ta sha guba a allo, Italiyawa sama da 870,000 ne suka bar ƙasarsu neman abinci, da yawansu ta tashar jiragen ruwan wannan birni, kuma a cikinsu akwai samarin da suka bar 'yan mata suna jira da iyayen da suka tafi neman abin aurar da 'ya'yansu.

Castel Capuano, inda kotunan Napoli suka zauna ɗaruruwan shekaru, bai yi nisa da tashar ba. Na tsaya a ƙofarsa kaɗan na wuce, domin a kusa da shi akwai wurin da ya fi taɓa ni a duk tafiyar, wato gidan Annunziata, inda ake karɓar jariran da aka yar. A bangon da ke fuskantar titi akwai wata 'yar taga da aka toshe, a bayanta kuma, cikin wani ƙaramin ɗaki, har yau ga gangar katakon da ke juyawa. Uwa takan zo da dare ta sa jaririnta ta tagar, a juya gangar, matan da ke gadi a ciki su ɗauke shi ba tare da sun ga fuskarta ba. Sai a rataya masa lamba a wuya, a rubuta a littafi ranar da ya zo da tsumman da ke jikinsa. Wasu iyayen sukan bar rabin sarƙa ko rabin hoto a jikin yaron, su riƙe ɗaya rabin, da fatan wata rana hali zai samu su zo su haɗa. An rufe tagar a 1875, amma sunan Esposito da aka daɗe ana ba waɗannan yara yana cikin sunayen da suka fi yawa a Napoli har gobe. Na sa hannu kusa da bakin gangar na ga ƙanƙantarsa, na daɗe ban motsa ba.

Kundin nan na 1865 ya hana a binciki wane ne uban ɗan gaba da fatiha, sai fa in fyaɗe aka yi ko sace matar aka yi. Ma'ana, mai gida zai iya yi wa 'yar aikinsa ciki ya ci gaba da zamansa, doka ba za ta ko tambaye shi ba. A tsaye a ɗakin nan na tuna Cenere, wato "Toka", wanda kamfanin Ambrosio na Turin ya yi a 1916 daga littafin Grazia Deledda, marubuciyar tsibirin Sardiniya da ta sami kyautar Nobel ta 1926. Shi ne fim ɗaya tilo da Eleonora Duse, babbar 'yar wasan dandalin Italiya, ta taɓa yi, tana da shekara 57, da furfurarta a fili. Ta fito a matsayin matalauciyar da ta haifa wa mai aure ɗa, ta rataya wa yaron laya a wuya, ta kai shi wurin ubansa ta ɓace, saboda ta san a hannunta babu abin da zai zama. Yaron ya yi karatu, ya sami 'yar masu hali zai aura, sannan ya nemo uwarsa ya same ta a wulaƙance. Budurwar ta ƙi yarda da irin wannan suruka, uwar kuma ta gane cewa muddin tana raye ita ce shingen da ke tsakanin ɗanta da matsayin da ta sadaukar da komai domin ya samu, sai ta mutu. Duse ta yi yawancin wasan da hannuwanta da bayanta, tana kau da fuska daga kyamara, kuma bayan na ga gangar Annunziata na fahimci dalilin kau da fuskar.

Daga nan na ratsa tsohon gari zuwa unguwar Quartieri Spagnoli, inda har yanzu iyalai ke zaune a ɗakunan ƙasa masu ƙofa ɗaya da ke buɗewa kai tsaye a kan titi, gado da murhu da tebur duk a wuri ɗaya, shanya kuma a sama daga bene zuwa bene. Taku kaɗan daga nan sai ga Galleria Umberto I, kasuwa mai rufin gilashi da ƙasan marmara, wadda aka gina bayan annobar kwalara ta 1884 a kan unguwar talakawa da aka rushe. A wannan birni ne Elvira Notari, mace ta farko da ta ba da umarnin fim a Italiya, ta kafa kamfanin Dora tare da mijinta Nicola. Ita ke rubutawa ta ba da umarni, shi ke riƙe kyamara, ɗansu Eduardo yana fitowa a wasa. Ta yi dogayen fina-finai kusan 60, ana nuna su mawaƙi yana rera waƙar labarin a gaban allo, ana kuma aika su New York ga 'yan ci-ranin da ke kewar gida. A 'A Santanotte na 1922, yarinyar da ke aikin shagon shayi tana ciyar da ubanta mashayi ta amince ta auri wanda ba ta so domin ta kuɓutar da wanda take so daga ɗauri. Gwamnatin Mussolini ba ta son a nuna wa duniya Italiya mai tsumma da wuƙa, masu tace fina-finai suka takura mata, ga kuma fim mai sauti ya shigo da tsadarsa, kamfanin ya tsaya a 1930. Ta rasu a 1946, kuma dogayen fina-finanta uku kacal suka rage.

Da la'asar na hau zuwa Posillipo, inda Assunta ta yi rawar da ta jawo mata tabo, ga teku, ga dutsen Vesuvius a ɗaya gefen. A nan na zauna ina lissafin yadda jaruman da kansu suka ƙare. Lyda Borelli ta auri attajiri mai masana'antu Vittorio Cini a 1918, wanda daga baya aka ba shi sarautar Konte, kuma daga ranar ba ta sake hawa dandali ko tsayawa gaban kyamara ba, bayan shekara biyar kacal a fim. Francesca Bertini, wadda ta kai ga samun kamfani mai ɗauke da sunanta, ta auri wani ɗan banki na Suwizalan, Paul Cartier, a 1921, ta janye daga harkar sai jefi-jefi. Pina Menichelli ta auri Baron Carlo Amato a 1924, ta juya wa fim baya gaba ɗaya har ta rasu a 1984. Matan da suka yi shekaru suna nuna wa duniya cewa 'yar dandali ba ta auren mai asali, su ukun duk sun haye katangar, kuma duk ukun sai da suka ajiye sana'ar a bakin ƙofa kafin su shiga.

Ban ga laifinsu ba ko kaɗan. A 1919 aka haɗe manyan kamfanonin fim na ƙasar a ƙarƙashin inuwa ɗaya da kuɗin bankuna, a ƙarshen 1921 ɗaya daga cikin bankunan, Banca Italiana di Sconto, ya durƙushe, fina-finan Amurka suka mamaye kasuwa, masana'antar da ta yi tashe a duniya ta kusa mutuwa cikin 'yan shekaru. Waɗannan mata sun fi kowa sanin cewa shahara ba gona ba ce, ba a rubuta ta a takardar aure, ba a bar wa 'ya'ya, saboda haka suka mayar da ita abin da zamaninsu ya yarda da shi tun tana da daraja. Abin da ya dame ni shi ne asarar, domin Borelli tana kan ganiyarta ta tafi, Menichelli ma haka. Bertini ce kaɗai ba ta yanke hulɗa da fim gaba ɗaya ba. A 1976 ta fito a ƙaramin matsayi a fim ɗin Novecento na Bernardo Bertolucci, kuma a farkon shekarun 1980, tana kusan shekara 90, ta zauna a gaban kyamarar Gianfranco Mingozzi tana kallon Assunta Spina, tana nanata cewa ita ce ta tsara fitowar, ita ta zaɓi titunan, ita ta ba da umarni. Ta rasu a Rum a 1985, kuma yau idan aka rubuta waɗanda suka ba da umarnin fim ɗin, sunanta ake sawa tare da na Gustavo Serena, wanda ya fito a matsayin Michele.